Zuwa ga Gwaggo Odile, wadda ta zauna mini makoki a Dijon

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, kamar yadda aka koya mana buɗe wasiƙa tun muna firamare. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ba za ki iya ba, tunda da Hausa nake rubutawa, ke kuwa duk zamanmu ba ki wuce sannu da na gode ba. Na fara da Faransanci, sai na tarar ina ta gyaran nahawu, ina jin muryarki kina cewa ba haka ake faɗa ba. Na yage takardar.

Ɗanki Luc ne ya aiko mini da imel ranar Talata, ina ɗakin malamai ina cin abincin rana. Saƙon gajere ne. Ya ce kin rasu tun watan jiya a gidan tsofaffin da aka kai ki, an ƙone gawarki kamar yadda kika bar wasiyya, ya ga sunana a cikin wayarki shi ya sa ya ga ya dace ya sanar da ni. Ya yi mini fatan in wuni lafiya. Na rufe kwamfuta na koma aji, na koya wa yaran Amurka yadda ake tambayar hanyar tashar jirgi da Faransanci. Tun watan jiya, Gwaggo? Ina nan ina tuƙa tuwo, ina kai yara makaranta, ashe babu ke?

Kin tuna ranar da na zo? Na taso daga Zariya da digirina na Faransanci, ina ganin na iya harshen. Ofishin ɗalibai ne ya haɗa mu, tsohuwa mai ɗakin da babu kowa a ciki da ɗalibar da ba ta da masauki. Kika buɗe ƙofa, na durƙusa don in gaishe ki, sai kika sunkuyo kina dube-dube a ƙasa kina tambayata me ya faɗi. Da na miƙe kika manna kumatunki a nawa, dama da hagu, na sandare. A bayanki ga karenki Filou kwance a kan kujerar falo, har da bargonsa. Na ce a raina, yau ina na kawo kaina?

Kin kasa faɗin Saudatu, kika mayar da ni Soda. Ni kuma na kira ki Mama, kika ɗaga yatsa kika ce ɗa ɗaya kika haifa, sunanki Odile. Na shiga ɗaki na yi kuka. Ba ki san cewa a wajenmu yarinya ba ta kiran babba da sunansa gatsau ba, bakina ba zai iya ba. Da na koma ce miki Gwaggo kika tambayi ma'anarsa, na ce 'yar'uwar uba. Kika yi ɗan tunani, kika ce wannan kin yarda, tunda gwaggo ba ta da alhakin tarbiyyar kowa.

Watannin farko sun yi mini tsanani. Rana ta fito fes, in fita da murna, sanyi ya mare ni a ƙofa. A aji ɗalibai suna gardama da farfesa kamar sa'ansu, ni ko ido ba na iya haɗawa da shi, har ya rubuta a takardata cewa ba ni da ra'ayin kaina. In na yi magana su yi murmushi, wai Faransancina irin na tsohuwar jarida ne. Matar da ke hawa na uku, in mun haɗu a matakala na gaishe ta, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, sai ta ƙara sauri tana rungume jakarta. Ranar Lahadi gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙararrawar coci. Ba mai zuwa gidan wani sai ya buga waya an tsayar da rana. Luc ya zo daga Lyon da Kirsimeti, ya ci abinci yana duba agogo, kafin duhu ya tafi. Da na ba Inna labari a waya, cewa ta yi, wane laifi matar nan ta yi wa ɗanta?

Sai kuma ranar da na ji wari a firij na ɗauka wani abu ne ya ruɓe, na kwashe na zubar, na wanke firijin tas ina jiran yabo. Ashe cukun nan ne da kike ji da shi, wanda kike jira ya nuna. Wuni guda ba ki yi mini magana ba. Amma ke ce kika sayo sabuwar tukunya kika ɗaure mata jan zare a hannu, kika ce naman alade ba zai taɓa shigarta ba. Da azumi ya zo, ke da ba ki taɓa sauya lokacin cin abincinki don kowa ba, kika dawo da shi faɗuwar rana. Kika ce wai likita ne ya ce ki riƙa ci da wuri. Na san ba likita ba ne.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A wannan sanyin na farko, wani mutum a tashar bas ya dubi mayafina, ya tofa yawu kusa da takalmina, ya ce in koma inda na fito. Mutane suna tsaye, kowa ya kau da kai. Na dawo gida na haɗa kayana a akwati, na tura shi ƙarƙashin gado. Ban faɗa miki ba don na san za ki ɗauki kwat ɗinki da sandarki ki ja ni ofishin 'yan sanda, ni kuwa a lokacin ba na son ƙarin ido a kaina. Akwatin ya daɗe a haɗe, a cikinsa nake zaro kayan sawa ina mayarwa.

Yana nan a haɗe yayana Sani ya kira da tsakar rana. Ya ce in yi haƙuri, Baba ya cika da asuba, yanzu suka dawo daga maƙabarta. A bayan muryarsa ina jin gidanmu cike, sallamar mata, kukan yaro, muryar Inna tana amsa gaisuwa. Na ajiye waya, ban ji komai a ɗakin ba sai agogonki na bango. Washegari na tafi makaranta don ban san me zan yi ba. Na gaya wa wata 'yar ajinmu, ta dafa hannuna ta ce abin ya taɓa ta, sannan ta tambaye ni ko na kwafi darasin jiya. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da ta sani ke nan.

Da yamma na gaya miki, kika zaunar da ni a kicin kika tambaye ni yadda muke yi in an yi mana rasuwa. Na ce mutane suna zuwa su zauna. Kika ce su yi me? Na ce ba komai, zama kawai, kwana uku. Kika ce me suke cewa? Na faɗa miki, kika sa na maimaita a hankali. Daga nan kika tashi kika nufi wayar tarho.

Da safe na fito na tarar kin ture teburin falo gefe, kin rufe Filou a banɗaki yana ta kuka, kin zauna a kan kafet da wannan gwiwar taki mai ƙarfe a ciki. Na ce ki koma kujera, kika ce ba haka na gaya miki ba. Sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Matar hawa na uku ce, da furanni a hannu, bayanta wasu tsofaffi biyu da kuke zuwa kasuwa tare. Kowacce ta tsaya a gabana ta ce ya akuri, kamar ɗaliba mai ba da hadda. Suka zauna a kujeru da kwat a jikinsu, jakunkuna a cinya. Shirun ya yi musu nauyi, ɗaya ta fara zancen dusar ƙanƙara, kika harare ta ta yi gum. Sun dawo washegari, sun sake dawowa.

A rana ta uku matar hawa na uku ta tambaye ni wane irin mutum ne babana. Na ce ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai canza wa jirgi layi a tashar Zariya. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta ce mijinta ma aikin da ya yi ke nan har ya mutu. Na ba su labarin Baba, fitilarsa, kekensa, yadda yake gane jirgin Kano da na Kaduna daga kukansu. Ranar ce na fara yin Faransanci ban tsaya tunanin nahawu ba, kuma ba ki gyara mini ko kalma ɗaya ba. Muka dafa shinkafa a tukunyar jan zare, kika bi ƙofa-ƙofa kina miƙa wa maƙwabta, kina yi musu bayanin sadaka yadda kika fahimta. Da za ki tashi daga kafet ɗin sai da muka kama ki mu biyu. A makon nan na kwance akwatina.

Bari in ba ki labarin gida. Muna nan Alexandria ta Amurka, a wannan dogon benen da na aiko miki da hotonsa. Maigidana, Baban Amira, yana aikinsa can wajen garin Sterling, ya fita da sassafe ya dawo a gajiye. Amira ta kusa kamo ni tsawo, in na yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Ƙaninta Sadik ya nace sai an saya masa kare, da kina nan da kin goya masa baya. Ban san sunan maƙwabcinmu na jikin bango ba, kuma abin ya daina damuna. Ni ma yanzu sai na buga waya kafin in je gidan mutum. Wani lokaci in na tuna yarinyar da take tare mutane a matakala tana tambayar iyalinsu, sai in rasa inda na baro ta.

Kiran da na yi miki na ƙarshe, ba ki gane ni ba. Kika ce mini Madam, kika tambaya wa nake nema. Na ce Soda ce. Kika ce ai Soda tana makaranta, in sake kira da yamma.

Ranar Juma'a na gaya wa matan da muke haɗuwa a masallaci cewa an yi mini rasuwa. Wata ta tambaya ko Musulma ce, da na ce a'a sai aka koma zancen wurin ajiye mota. Ban ga laifinsu ba. Ranar Asabar Hajiya Fati ta zo, 'yar Damagaram ce da ita ma ta yi karatu a ƙasarku. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta cire takalmi ta zauna a ƙasa, ta ce ya haƙuri, muka yi shiru har la'asar, ta tashi don tana da aiki a asibiti. Ita kaɗai ce ta zo.

Zancen ƙonewar nan ya tsaya mini a rai. Wa ya wanke ki? Akwai wanda yake riƙe da hannunki a lokacin? Ina zan je in tsaya in ce a nan take? Ban san addu'ar da zan yi miki ba, kuma ban tambayi malam ba don ina tsoron amsar. Abin da na yi, bayan na sallame salla na zauna a kan darduma na ba Allah labarin abin da kika yi mini, tun daga tukunya har kafet, ko da yake Ya fi ni sani.

Ranar da na bar Dijon kika raka ni tasha, kika ce in yi sauri kada jirgi ya tafi ya bar ni, kika juya kafin ya tashi. A wajenmu in za a rabu rabuwa mai nisa, akan nemi yafiya. Na so in nema, na rasa yadda zan faɗa da Faransanci ba tare da kin ɗauka wani abu na fasa miki ba. Na hau jirgi da maganar a bakina, ita ce na kawo miki yau. Gwaggo, duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini. Ni ba ki yi mini komai ba, in ma kin yi na yafe.

Na bar ki lafiya.

Taki,
Saudatu, 'yar ɗakin baya