Ina Cikin Takaba, Sunana Na Cikin Ja

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfaninmu na rarraba sabulu da man girki da ke Kudenda, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, ina kuma fatan harkokin kamfani na tafiya yadda ake so.

Sunana Balaraba, ina zaune a Makera. Ni ce ma'aikaciyar talla mai riƙe da layin Nasarawa zuwa Kakau, wato ni nake bin shagunan da ke wannan hanya ina karɓar odar kaya. Ba lallai ka gane sunan ba, amma ka taɓa miƙa min fanka da hannunka a bikin ƙarshen shekara, ka ce irina kamfani yake nema. Fankar tana nan tana aiki. A ƙarƙashinta nake rubuta wannan wasiƙa, a kan tabarma, domin ina cikin takabar mijina Malam Isyaku, Allah Ya jiƙansa.

Sau biyu na rubuta maka ta hannun manajanmu na talla, Malam Kabiru. Shiru kake ji, kuma ba na jin takardun sun wuce teburinsa. Shi ya sa na fito fili. Ba halina ba ne, kuma ba a san mai takaba da ɗaga murya ba. Amma dokar kamfani ta ce wanda ya kasa cika tagat ɗin ciniki wata uku a jere ya ajiye katin aikinsa. Wannan ne watana na uku, ya kusa ƙarewa, kuma 'ya'ya uku ke kallon hannuna.

Na farko, yadda tsarin ya zo mana.

Bara aka tara mu a babban ɗakin taro, aka ce an soke hutun shekara na mako uku, an kawo hutu marar iyaka, kuma da albashi. Duk mai buƙata ya ɗauka, ya sanar da manajansa kawai. Muka yi tafi, har da masu guɗa, kuma ina cikinsu. Samarin sashenmu na ta tsokanar juna, wai wane ne zai fara tafiya ƙauye ya manta hanyar dawowa. Babu wanda ya tambayi makomar tagat, wato yawan katan-katan da aka ɗora wa kowa ya sayar a wata.

A da, in za ka tafi hutu, ana rubuta kwanakin, a rage maka tagat gwargwadonsu, a sa wani ya riƙe maka layi har ka dawo. Yanzu tunda ba a ƙirga kwanakin, babu abin da za a rage. A da hutu haƙƙina ne, in cika takarda in wuce. Yanzu alfarma ce nake roƙo, sai na leƙa ofishin Malam Kabiru na ga yadda fuskarsa ta kwana tukuna. Wanda ya ce yana son kwana biyu, za a ce masa babu damuwa, sannan a tambaye shi yadda zai yi da lambobinsa. Ranka ya daɗe, ka sa a bincika maka, tun da aka kawo wannan tsari mutum nawa ne a sashen talla ya yi mako guda cur a gida. Ni dai ban san ko ɗaya ba. Mun fi hutawa lokacin da hutun yake da iyaka.

Na biyu, abin da ya same ni.

Malam Isyaku makanike ne. A garejinsa ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ranar sadakar uku Malam Kabiru ya zo a motar kamfani, da katan na sabulu da galan na mai. Ya zauna da maza a ƙofar gida aka yi addu'a, sannan aka shigo da shi ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ni. A gaban surukata da mata cike da tsakar gida ya ce, "Madam Balaraba, ki huta abinki, ko wata nawa ne. Ai don irin wannan aka yi tsarin. Kamfani na bayanki." Surukata ta yi ta sa masa albarka har ya fita. Ni ma na ji sanyi a raina, wallahi na ji.

Malam Kabiru Musulmi ne, ɗan gari ne, ya san takaba wata huɗu ce da kwana goma, ba sai an yi masa tafsiri ba. Amma washegarin sadakar bakwai, masu ta'aziyya ba su gama ɗaukewa ba, sai ga saƙon murya: "Madam, ya ƙarin haƙuri? To layin Kakau fa ya yi sanyi. Ko ta waya ce ki ɗan taɓa wani abu, kin san yadda suke matsa mana daga sama." Daga sama, ranka ya daɗe, wato daga wurinka.

Na taɓa. Na share hawaye na ɗauki waya na dinga kiran masu shaguna ɗaya bayan ɗaya. Mutanen nan shekara da shekaru muke tare. Na san wanda ke son ƙaramin mazubi saboda masu sayen tsilla-tsilla, na san wanda ba a kira sai ya dawo daga gona. Sukan fara da yi min gaisuwa, su ƙare da ba ni oda, ni kuma in amsa duka biyun da murya ɗaya. Wani Alhaji a Kakau ya ninka odarsa, ya ce min ba buƙata ce ta sa ba, don marayu ne. Abokiyar aikina Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna da ke zaune a Nasarawa, ita ce ke bin mota ta kai kayan bayan ta gama nata layin. Babu wanda ya sa ta, kuma ba a ƙara mata ko kuɗin ruwan sha ba.

Na uku, manhajar da ke wayoyinmu.

Wataƙila ba a taɓa yi maka bayaninta dalla-dalla ba. Manhajar ba ta ƙirga ciniki ga ma'aikaci sai ya tsaya a ƙofar shago da wayarsa, ya danna, ya ɗauki hoto. Wayata tana Makera, a kan tabarma. Saboda haka duk odar da na karɓa da bakina, sunan Rifkatu take hawa. Rifkatu ta shiga ofishin Malam Kabiru ta ce a mayar da cinikin ga mai shi. Ya ce na'ura ba ta yarda. Ta zo har gida idonta jajir, ta ce ita ba za ta ci kamashon gumin mai takaba ba, ta ajiye min ta tafi. Allah Ya saka mata. Amma ta iya mayar min da kamasho, ba ta iya mayar min da lamba ba.

Kaya sun fita daga sito, kuɗi sun shiga asusun kamfani, layin bai rasa shago ko ɗaya ba. Duk da haka kowace Litinin da safe, in aka saki jerin sunaye a guruf ɗinmu na waya, sunana ne a can ƙasa cikin jan rubutu. Babbar 'yata ce ta fara gani rannan, ta tambaye ni ko laifi na yi. Na ce mata a'a, na karɓe wayar.

Kuma maganar hutu da albashi, kowa ya san albashin mai talla na suna ne. Kamasho ke riƙe gida. Ban kawo wannan a matsayin ƙorafi ba, na faɗa ne don kada a ce maka ina kwance ana biyana.

Na huɗu, ban naɗe hannu ba.

Da na ga wata na biyu zai bi na farko, na aika aka tambayo min malamin unguwarmu. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, ba ado, ba turare, ta dawo kafin duhu, ta kwana a ɗakinta. Na kira Malam Kabiru na ce zan dinga zagaya shagunan Nasarawa cikin hijabina, in dawo da la'asar, Kakau kuma a bar min ta waya, tunda motar can ba ta dawowa sai bayan isha'i. Ya ce ba a raba layi. Ya ce in na fito, to na fito ke nan: jar rigar kamfani da hula, da tallan kasuwa na ranar Asabar, inda ake kafa lasifika, a saki kiɗa, samari na rawa, ni kuma in riƙe makirufo ina kiran jama'a. Kalmominsa su ne, "Ko kina hutu ko kina aiki, Madam, babu rabi-rabi."

Babu rabi-rabi? To wata biyun da na yi ina karɓar oda a kan tabarmar makoki, me sunansu? Surukata tana zaune kusa da ƙofa da carbi, ɗanta ta rasa. Da wane baki zan ce mata zan tafi kasuwa in riƙe makirufo ana kiɗa? Na rantse ko ita ta yarda, ƙafata ba za ta kai ni ba.

Sai ga takardar gargaɗi. Direban da ya kawo sabulun ta'aziyya shi ya kawo ta, ya miƙa wa yaro daga waje, ya kasa shigowa. Na karanta ta daga sama har ƙasa. Babu mutuwa a ciki, babu takaba, babu hutu. Abin da ta ce kawai shi ne na gaza cika tagat wata biyu a jere. Na kira ofishin kula da ma'aikata, wata baiwar Allah ta ɗauka, ta duba, ta ce min cikin ladabi a wurinsu babu inda aka rubuta cewa ina hutu, domin sabon tsari ba ya rubutawa. Wato a idon kamfani, mijina bai mutu ba, ni ce kawai na yi lalaci. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Ba na neman a kori Malam Kabiru. Shi ma akwai lambar da ke bin sa. Ranar sunan ɗansa, a masallacin ofis ya yi sallar azahar, muna gani. Abin da ake yi masa yake yi mana. Amma shi ya tsaya a bakin ƙofata ya yi alkawari da sunan kamfani a gaban mutane, kuma kamfanin naka ne.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

A janye takardar gargaɗin, a mayar da odar da na karɓa kan sunana. Masu shagunan suna nan da ransu, a tambaye su wa ya kira su.

A dakatar da ƙirga min tagat har in fita takaba. Kada kuma a taɓa Rifkatu saboda na ambaci sunanta, ba ta san zan rubuta ba.

Sannan ku dawo mana da iyaka. Ku rubuta kwanaki, ko kaɗan ne, waɗanda suke namu ba sai mun roƙa ba, kuma tagat ya sauka tare da su. Ku ambaci takaba da sunanta, da haihuwa, da jinya, da kwanakin da irin su Rifkatu ke buƙata in za su kai gawa gida ƙauye. Abin da aka rubuta za mu iya nunawa. Wannan marar iyakar, na neme shi ranar da nake buƙata, aka ce babu inda yake.

Na riga na yanke shawara, kuma gara ka ji daga bakina. Ba zan karya takabata ba. Watan nan zai ƙare ina kan tabarmar nan, sunana zai sake fitowa cikin ja, wata na uku a jere. Ranar da kwanakin takabata suka cika zan yi wanka, in sa jar rigar da ke rataye a bayan ƙofa tun ranar da aka kira ni daga gareji, in hau keke zuwa Kudenda, in nuna wa Baba maigadi katina kamar kullum. Ko zai buɗe min ko zai sunkuyar da kai, wannan yana hannunka.

Allah Ya ja kwananka, Ya ƙara wa kasuwa albarka, Ya ba ka masu gaya maka gaskiya. Ranar da babu mai kauce mata kuma, in ta zo bayan tsawon rai, Allah Ya sa iyalinka su yi zamansu cikin natsuwa, kada wani ya aiko musu da saƙo washegarin bakwai yana tambayar oda.

Wassalam.

Taka ma'aikaciya har zuwa ƙarshen wannan wata,
Balaraba, matar marigayi Malam Isyaku,
Layin Nasarawa zuwa Kakau.