Ɗanyen Kifin da Tamaki Ta Ƙi Ci

Kanazawa, cikin Janairu

Zuwa ga ƙawata Tamaki,

Gaisuwa mai yawa. Dusar ƙanƙara ta rufe mu tun shekaranjiya, ina fata naku sanyin a Toyama da sauƙi. Na ga kiran wayarki, da gangan na ƙi ɗauka. Kin san a takarda na fi iya magana.

Tun ranar Asabar ɗin da kika zo muka fita sayayya ban ƙara zama daidai ba. Ita ce fitata ta farko tun da cikina ya zube a Oktoba. Na tashi da ɗoki, har jan baki na shafa. Na ɗauka za ta zama irin ranar nan ta cikin littattafan da nake karantawa, inda ƙawa take zuwa ta buɗe tagogi iska ta shigo.

Kika sauko daga jirgin ƙasa da takalmi shafal, ke da kike cewa mace ba takalmi mai tsini gayan shinkafa ce. A babban kanti na ce mu hau sama wurin littattafai, kika ja ni cikin lif, wai gwiwarki na ciwo. Na gane ba kya so matakala ta bi da ni ta benen kayan jarirai, har na gode miki a zuciyata. Kika sayi rigar sanyi wadda za ta ɗauki mutum biyu, kika ce ita ake yayi. Na ce kin koma buhun shinkafa, muka yi ta dariya har mai kantin ta kau da kai. Rabona da dariya irin wannan na manta.

Sai muka shiga kasuwar Omicho, wurin tsohon nan da muke cin ɗanyen kifi tun muna ɗalibai. Bai tambaye mu ba ya ajiye mana ɗanyen jatan lande, abin da kike kwana kina mafarkinsa. Kika turo mini naki. Kika ce a ba ki curin shinkafa mai ƙwai da mai kokwamba, kuma shayi maimakon giyar shinkafa. Tsohon ya dube ki, ya dubi rigar, ya ce, “Ashe barka ta kama.” Na ga yadda kika girgiza masa kai. Sai a lokacin na tuna mai ciki ce ake hana wa ɗanyen kifi da giya.

Na cinye nawa, na cinye naki. Ban san yadda suka wuce maƙogwarona ba.

Da na dawo gida na faɗa wa Naoki. Ya ajiye sandunan cin abinci, ya ce ai tun Disamba kika kira shi, kuka shirya kada a gaya mini sai na ƙara ƙarfi. Mijina ya sani, mai sayar da kifi ya gane, ni ce kawai aka yi ta zagayawa da ni kamar kwanon da ya tsage. Ashe duk dariyar ranar jinya ce kike yi mini.

Ki kula da kanki a sanyin nan.

Taki,
Fumino

Toyama, ƙarshen Janairu

Fumi, sarkin kuka,

Ina gaisuwa. Nan ma ƙanƙarar ta kai gwiwa, kuma gwiwar tawa lafiyarta ƙalau, ƙarya na yi miki.

Na yi laifi, ba zan yi musu ba. Amma ki daina mayar da ni muguwar matar cikin littafinki. Ranar nan na zo ne da niyyar faɗa miki da bakina. Tun a jirgi nake haɗa kalmomin. Da na hango ki da jan baki kina ɗaga mini hannu, sai na kasa. Na ce bari mu gama sayayya, na ce bari mu ci abinci, har tsohon nan mai dogon baki ya riga ni. Lokacin da na daɗe a banɗaki na ce miki layi ne, amai nake yi. Dariyar kuwa ba jinya ba ce, da gaske na koma buhu.

Ba murna nake ɓoye miki ba, tsoro ne. Tun abin da ya same ki, kullum na farka sai na duba zanin gado. Kamfani ya tura Kenzo Nagoya, sai ƙarshen wata nake ganin mijin nawa. Mahaifiyata kuma kin san ba ta duniya.

Ranar kare ta kalandar gargajiya, wadda ta faɗo a watan cikina na biyar, tana zuwa tsakiyar Fabrairu, ranar da za a je ɗakin bauta a ɗaura mini farar ɗamara don haihuwa ta zo da sauƙi. Kowace mace da uwarta take zuwa. Ni ke nake so ki tsaya a gefena. Na san abin da nake roƙo, na san ke ba ki kai wannan ranar ba. Duk da haka ina roƙo, don ba ni da wata.

Ki gaida Naoki, kada ki hora shi da yunwa, ni na sa shi.

Tama

Kanazawa, farkon Fabrairu

Tama,

Ina gaishe ki, ke da wanda ke cikinki. Na daina fushi, abincin Naoki ma ban fasa ba.

Jiya na koma kantin ni kaɗai don in gwada kaina. Na bi ta matakala. Da ta kawo ni benen jarirai na sauka, na tsaya gaban 'yan safa. Wata ma'aikaciya ta matso da fara'a ta tambaye ni na wata nawa nake nema. Ban san lokacin da na tsinci kaina a titi ba, ko jakata sai biyo ni da ita aka yi.

A littafi, ƙawar takan share hawaye ta hau jirgi. Na so in zama ita. Amma in na tsaya gefenki ina kuka, abin da kike tsoro ne zai tsaya gefenki a ranar da ya kamata ki manta da shi.

Ki kira ƙanwar Kenzo tun da wuri. Ki ci gaba da rubuto mini, zan amsa kowace. Ranar kare dai ba zan zo ba.

Taki har kullum,
Fumino