Allurar Abdulsalami da Wayar Thomas

Laraba, 10 ga Satumba, 2025
Yau shekara guda da ruwan madatsar Alau ya ci unguwarmu Moduganari. Alhamdulillahi, masallacinmu da ya rushe ya sake tsayuwa. Ni na ja wa magina layin alƙibla da sandata, daidai inda mahaifina ya ja shi ina riƙe masa igiya.

Juma'a, 12 ga Satumba
Abdulsalami, sakataren masallaci, ya zo da kamfas, na'urar nan mai allura da ke nuna gabas da yamma. Ya ajiye a gaban liman, allura ta karkace daga layina. Wai alƙiblarmu ta kauce, sai a fasa bangon gabas. "Baba Madu, shekaru ne, ba laifinka ba." A gaban jama'a.

Asabar, 13 ga Satumba
Ban ci tuwo ba. In na yi kuskure, tun da aka sake ginin mutane na sallah a kan maganata.

Litinin, 15 ga Satumba
Thomas mai sola ya zo duba batir. Shi ne wanda na hana kujera ranar da ya yi mana aikin, na ce masallaci ba ya bukatar tarkacensa. Ya ji gardamar, ya ce a kawo kamfas ɗin. Ya ɗaga tabarma, sai ga wayarsa mai kauri kwance a gindin bango. Ya kashe wuta, allura ta koma daidai layina. Ya kunna, ta sake karkacewa.
Na ce ai bai taɓa allurar ba. Ya ce, "Baba, in wuta na gudu cikin waya, ƙarfin maganaɗisu na kewaye ta kamar zobe. Ba a ganinsa." Ya sa kamfas a bisa wayar, allura ta yi hagu. Ya sa a ƙarƙashi, ta yi dama.
Abdulsalami ya kama hannuna da hannu biyu. Bango ya tsira. Allah na gode maka.

Talata, 16 ga Satumba
Har yanzu ban ce na yarda da zoben da ba a gani ba. Amma sau uku na sa Thomas ya maimaita, sau uku allura ta juya. Ya tafi ban yi masa godiya ba. Gobe da hantsi zan je shagonsa a Bolori in gode masa da bakina, kuma ya nuna mini abin a hankali.