Lungun da Makara Ba Ta Wucewa

Unguwar Nima, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Hafiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Tamale?

Na daɗe ina jinkirin wannan magana. Alhaji Saddique mai motocin haya ya jawo katangarsa cikin lungunmu, har mutum biyu ba sa iya giftawa. Mun kai kuka hukuma, an ce mu jira. Dattawa sun yi shiru, domin shi ya yi wa masallaci rufi.

Mahaifiyarmu Mma ba ta yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ta tambaye ni: ranar da ta cika, ta ina za a fitar da makararta? Tana tsoron a ɗaga ta bisa katanga kamar buhun gawayi.

A jami'a ina koya wa ɗalibai cewa ikon mai iko yana tsaye ne a kan shirun waɗanda suka saba da shi. A gida kuwa ina cikin masu shirun. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Abdul-Rahim

Nima, 25 ga Maris

Yaya Hafiza,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga abin da ya faru.

Ranar Juma'a na nemi izinin Liman, na ari makarar masallaci. Ni da maƙwabta muka ɗauke ta, babu kowa a ciki, muka nufi lungun. Jama'a suka biyo mu da salati, suna tambayar wa ya rasu. A bakin katangar ta maƙale. Muka karkata ta, ta ƙi. Muka tsaya da ita a nan.

Alhaji ya fito. Kin san tasa ƙofar ma cikin lungun take. Ya daɗe yana duban makarar, sa'annan ya kama hannunta ya gwada da kansa. Ba zan ce na san abin da ke zuciyarsa ba. Na dai san da safiyar Asabar magina suka fara rushe katangar suna sauke bulo.

Mma ta ce in gaya miki hanya ta samu, amma ita ba gaggawa take yi ba. Jiya ta bi lungun zuwa Kasuwar Malam Atta, da kwando a ka.

A gaida yara.

Ƙaninki,
Abdul-Rahim