Silin Ɗakina Ya Rufto

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna, ya yaran? Ni lafiya lau, sai dai ranar Talata ina wurin aiki bututun ruwa ya fashe, silin ɗakina ya rufto, katifata ta jiƙe sharkaf.

Mai gidan ya ce laifina ne, wai ban sanar da shi da wuri ba. Na ce, "Baba, sau uku ina nuna maka tabon nan." Washegari ya kawo masu gyara da kansa.

A kujera nake kwana tukuna, amma kada Inna ta ji. Ki ce mata kawai tsiwar nan tawa da take min faɗa a kai ta yi rana.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙanwarki.