Balki Tana Karatun Jarrabawar da Ba Za Ta Zauna Ba

Assalamu alaikum mai shafi, da duk wanda ya tsaya karanta wannan. Don Allah a ɓoye sunana da na wurin aikina. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ba zagin nake gudu ba, a yadda nake yanzu ko an yi ba lalle ya shige ni ba. Shawara nake nema.

Ni malamin lissafi ne a wata makaranta mai zaman kanta a Madawa, irin wadda ba a shiga sai yaro ya ci jarrabawar tantancewa, ko ɗan waye shi. Mai ita tsohon malami ne, da aji biyu ya fara a rumfar kara, yau ga gini ga katanga ga ƙofar ƙarfe, ana kawo mana yara har daga Buza da Keita. Da safe a ɗaga tuta, a duba tufafi da farce, duk Asabar gwaji, zama a aji kuma bisa maki ne: na ɗaya a gaban allo, na ƙarshe a jikin bangon baya, duk wata a sake lale. A jikin katangarmu kowace shekara mai fenti yana rubuta cewa ɗalibanmu sun ci birbe, wato BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba wanda ya faɗi. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne yadda ake samun wannan rubutu. Kafin a kai sunayen masu jarrabawa, malamai mukan zauna, duk yaron da ake shakkarsa a cire shi, a gaya wa iyayensa su je ofishin ilimi su yi masa rajista da kansu a matsayin mai zaman kansa. Yana nan a aji kamar kowa. In ya ci namu ne, in ya faɗi ba mu san shi ba.

Akwai yarinya, bari in kira ta Balki. Ɗiyar yayana ce, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, manomi ne a wani ƙauye wajen Garhanga. Da kanta ta ci jarrabawar shiga, ban sa mata baki ba, kuma a gidana take zaune. A gida Baba take ce mini, a makaranta Mushe, wato malam da Faransanci, ban taɓa jin ta haɗa su ba ko da kuskure. Farkon shekarar nan ta yi jinya, makinta ya yi ƙasa, ta koma layin kusa da bango.

Ranar taron malamai aka zo kan sunanta. Malamin Faransanci ya ce a bar ta, za ta farfaɗo. Malamar kimiyya ta ce ita dai tana da shakka. Sai darakta ya juyo gare ni ya ce, "Mushe, ɗiyakka ta, kai kas san ta. Mi kag gani?" Kowa ya zuba mini ido, na san jira suke su ga na yi roƙo. Ni kuwa a wurin nan na yi suna, ana cewa wane ba sani ba sabo, mai makaranta ya sha buga misali da ni a gaban sababbin malamai. Na buɗe baki na ce, "A cire ta." Darakta ya buga tebur ya ce, "Kun gani ko? Ga malami nan!" Wallahi na ji daɗi, kuma shi ne abu na ƙarshe da na tuna na ji sosai a raina. Alhali na san yarinyar nan, ni ke duba aikinta a gida, na san za ta iya ci. Da za mu tashi ya ce, "To kai ka hwaɗa ma babanta, ba sai mun kirai ba." Na ce to.

Na koma gida, ta kawo mini ruwa ta durƙusa, na karɓa na sha. Na ce gobe. Washegari na kira Yaya, kafin in kai ga maganar ya ce, "Ƙanena, Balki na ƙoƙari kuwa?" Na ce, "Tana yi, Yaya." Ya ce, "Madalla. Ni dai hannunka na sa ta, ban da wani abin cewa." Ta ina zan fara? In ce masa da bakina na cire ta don a yaba mini? Muka gaisa da mutanen gida, na kashe waya. Haka gobe ta yi ta zama gobe. Na san ranar da za a rufe rajistar masu zaman kansu, ba mantawa na yi ba. A ranar ma na wuce ta gaban ofishin a kan babur, na ga iyayen sauran yaran da muka cire suna layi, har ɗaya ya ɗaga mini hannu na ɗaga masa. Ban taka birki ba. Na je kasuwa na sayi albasa na koma gida. Har yau ban san me ya hana ni tsayawa ba.

Yanzu Balki ta bar jikin bango, tana layi na biyu. Jarrabawar gwaji ta ƙarshe ta wuce yara da yawa da muka bari a sunan makaranta. Darakta ya tare ni a bakin ofis yana dariya ya ce, "Ashe da mun bar ta! An dai yi mata rajistar ko?" Na ce, "An yi." Matata ba ta san komai ba, ta ma sauke mata girki da wanke-wanke har sai bayan jarrabawa. Yaya ya aiko cewa ko ruwa ya sauka da wuri kada a turo ta shuka, ita ce ta farko a ɗakinsa da ta kai nan, ta zauna ta yi abin da ya kawo ta. Na lallaɓa wurin wani da na sani a ofishin ilimi na tambaya kamar don wani nake yi, ya ce sunaye sun tafi tuni, sai baɗi. A makarantarmu kuma ba a maimaita ajin jarrabawa. Ke nan ba shekara kaɗai na cinye mata ba, har da kujerarta.

Abin da ya fi ba ni tsoro, in ma tsoro ne, ina ci ina sha, ina barcina lafiya. Ina shiga ajinsu in tsaya a gaban allo in ce, "Wannan yakan fito a birbe, ku kula," ina ganinta tana ja masa layi. Mutum ne ni kuwa? Ko zuciya takan mutu mai ita yana yawo? Ina jin kunya, na san ita ce, amma kamar daga nesa take, kamar ta wani. Jiya bayan la'asar ta zo da farar takarda ta ce, "Baba, gwada min inda aka rubuta lambar tebur, kar in ɓata rannan." Na karɓi biro na nuna mata, na ce ta rubuta a fili yadda mai dubawa zai gani.

Kwanan nan za a raba katunan shiga jarrabawa. A filin makaranta ake yi, bayan an ɗaga tuta, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yaro ya fito ya karɓa ana tafi. Ni ne ma nakan riƙe katunan ina miƙa wa darakta. Za ta tsaya a layi har a kira na ƙarshe, sannan ta dubo ni.

Jama'a, ita zan fara gaya wa, ko in hau babur in je Garhanga in durƙusa gaban Yaya? In na zaunar da ita ta ce, "Baba, wa ya cire ni?" in ce mata makaranta, ko in ce mata ni? Don girman Allah, me zan yi?