Yabon da na yi mata ya rufe mata ƙofofi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata a ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi mini faɗa, faɗan kam na san na cancanta, na kuma yi wa kaina wanda ya fi naku zafi.

Ni nas ce, na kusa ritaya, a Gyaɗi-Gyaɗi nake zaune da maigidana. Shekara biyar da suka wuce na fara wani ɗan aiki a garejin gidanmu, muna ce masa Rumbu. Dalilin fara shi kuwa a wurin aiki ne, sai ka ba mutum magani ka ce ya sha bayan ya ci abinci, ya dube ka ya yi murmushi kawai, ka gane abin da murmushin ke nufi. Na gaji da gani, sai na yi wa matan layinmu magana, kowacce ta riƙa kawo kwano ɗaya duk wata na abin da ya sauƙaƙa, masara ko gero ko wake ko shinkafa. Abu kamar wasa ya girma, masu shago suka shigo, abokan aikina suka shigo, har ya zama duk Asabar ta biyu muna rabo a ƙofar garejin. Masu taya ni aikin mu goma sha ɗaya ne, babu wanda ake biya ko sisi. A cikinsu akwai Maman Chidi, Inyamura ce mai shagon kayan masarufi a bakin layinmu, a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu, ita ke riƙe da mukulli ita ke awo.

Wadda nake so in ba ku labarinta kuma zan kira ta Yaya Asabe. Dillaliya ce, ta girme ni da kusan shekara goma, a Daurawa take. Sana'arta ke nan tun tana da ƙuruciya, shiga gida-gida da ƙatuwar jakar bakko, atamfa, leshi, mayafai, zannuwan gado, turaren wuta. Babu gidan da ba ta sani ba daga Gyaɗi-Gyaɗi har cikin Tarauni, kuma mace ce mai barkwanci, in ta shiga gida sai an ji dariya daga waje. Wata rana muna rabo ta zo wucewa, ta tsaya ta daɗe tana kallon layin, da aka watse sai ta ja ni gefe ta ce, "Ke nas, masu yunwar gaske ai ba sa cikin layin nan." Na ji haushi, na ce to su waye waɗannan, ƙoshi ya kawo su? Ta ce a'a, su ma mabuƙata ne, amma akwai waɗanda gara su mutu a ɗaki da a gan su a nan. Tsohon ma'aikacin da fansho ba ya isarsa, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da gida mai get amma babu na cefane, malamin da aka sallama yake fita kullum da guga a kayansa. Ta ce ita tana shiga har ƙuryar ɗakunansu, tana ganin tukunyar da aka ɗora da ruwa zalla don kada maƙwabta su ce yau ba a hura wuta ba.

Ita ta kawo dabarar. Ta ce a riƙa ƙulla mata a leda, ta jera a ƙasan jakarta, ta rufe da atamfofi. Wa zai tambayi dillaliya me ya kai ta gidan wane? Ta shiga, a baje kaya a yi ciniki a yi raha, in za ta fita ta bar ƙullin a bayan ƙofar ɗakin matar gida. Amma ta kafa mini sharaɗi biyu, kada in taɓa tambayar ta sunan gida ko ɗaya, kada kuma wani ya ji bayan ni da Maman Chidi mai awo. Na ce na yarda, har da cewa wallahi. Shekara huɗu muna haka. Sai dai ta zo ran Laraba da hantsi ta ce a ƙulla mata tara, wani lokacin sha biyu, ta ce ɗaya a sa gero maimakon shinkafa, ɗaya a ƙara wake akwai yara. Ta ɗora jakar nan a ka, mace mai ciwon gwiwa, kuɗin adaidaita ma in na ba ta sai ta ce in ƙara a man gyaɗa.

Matsalar ta fara ne daga bakin mutane. Ana ganin tana shiga garejin da jaka shafal tana fita da ita a cike, sai magana ta fara yawo cewa Asabe na kwasar abincin marayu tana kaiwa gida, wasu ma suka ce sayarwa take. Har cikin masu taya mu aiki akwai masu yi mata kallon banza. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ni mutum ce mai saurin hawa, ba na iya ganin ana zaluntar wani in yi shiru. Na same ta na ce bari in faɗa wa ko da masu taya mu aikin ne, ta yi dariya ta ce, "Bar su, gara a ce ni ce mai ci. Ni fuskata ta saba."

Bayan babbar Sallar da ta wuce muka shirya walimar godiya ga masu aikin. Niyyata mai kyau ce Allah ya sani, mutanen nan sun yi shekaru suna ɗaukar buhu suna shan rana, ko sannu ta kirki ba a taɓa yi musu a gaban jama'a ba. Muka kafa rumfa a ƙofar gida, aka yi shinkafa da zoɓo, aka buga satifiket, kowa da turmin atamfa ko yadin shadda. Maman Chidi ta ce mini na Yaya Asabe a kai mata gida, kada a kira sunanta. Na ce to, kuma har ga Allah haka na yi niyya.

Ranar ta zo, mata sun cika rumfa, ina riƙe da lasifika ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Yaya Asabe ta shigo a makare, daga yawon sana'arta take, jakarta a ka. Wata daga layin gaba ta ce, yadda kowa zai ji, a ɓoye tukwane ga mai jaka ta iso. Aka kwashe da dariya. Na ga ta yi kamar ba ta ji ba ta nemi kujera can baya. Ni kuma kaina ya ɗau zafi. Ban san lokacin da na ce jama'a ku saurara ba, wannan baiwar Allah da kuke wa dariya ta fi mu duka, jakar nan da kuke gani ba atamfa kaɗai ke ciki ba, shekara huɗu tana ɗaukar abincin Rumbu a ƙarƙashin kayanta tana kai wa gidajen masu rufin asiri, gidajen da take shiga kuna zaton ciniki ne. Maman Chidi tana ta jan mayafina ta baya, ni kuwa ina ganin gaskiya nake tsayarwa, na ƙara da cewa Yaya Asabe ta taso ta karɓi kyautarta.

Aka yi kabbara aka yi tafi, wadda ta yi habaicin ta sunkuyar da kai, ni har wani daɗi nake ji. Yaya Asabe ta daɗe ba ta motsa ba, sannan ta taso ta karɓi atamfar da hannu biyu, ba ta kalle ni ba. Kafin a fara rabon abinci ta tafi. Wata ta ɗauki bidiyon jawabin ta sa a guruf ɗin matan unguwa, ta rubuta Allah ya saka wa wannan uwa da alheri, daga nan ya bazu.

Ban gane girman abin da na yi ba sai bayan kwana huɗu, da Laraba ta zo ba ta zo ba. Ashe tun washegari mata suka zauna suna lissafa gidajen da Asabe ke yawan shiga. Ashe gidan wane ma? Shi ya sa matar wane kullum ana ciniki ba a ganin sabon zani a jikinta. Gidajen da ba su taɓa karɓar ko ƙwayar gero ba, masu sayen leshinta na gaske, su ma aka sa su a ciki, don babu mai iya bambancewa. Wata Hajiya da suka yi shekara ashirin suna hulɗa ta aika mata cewa in tana da sabon kaya ta turo hoto a waya, kada ta zo da jaka. Wani maigidan ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarta a gidansa. Waɗanda ake kai wa kuwa sun fi kowa gudun ta, don su ne ke da abin ɓoyewa. Mafi muni, akwai wani dattijo da bai taɓa sanin matarsa na karɓa ba, shi a zatonsa iya tattalinta ne ya sa ɗan abin da yake kawowa ke kai su ƙarshen wata. A majalisa wani ya yi masa shaguɓe, ya koma gida ya tsare ta, ta faɗa masa gaskiya. An ce ya ce ta mayar da shi abin sadaka a unguwar da ya yi shekara talatin ana gaishe shi, yanzu haka matar tana gidan yayanta. Wannan ma a bakin mutane na ji, har yau ban san ko su waye ba.

Maman Chidi ta wanke ni tas. Tunda muke ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar, ta ce ba don Asabe na yi maganar nan ba, don kaina na yi, don in huce haushi a kan waccan matar, kuma wanda ya ce kada a kare shi ya san dalilinsa. Na yi fushi na kwana biyu ban bi ta shagonta ba, daga baya na ga babu ƙarya a maganarta ko ɗaya. Maigidana shi cewa ya yi in bar abin ya lafa, mutane mantuwa gare su. Sau uku ina zuwa Daurawa. Na farko aka ce ba ta nan, alhali ga takalminta a ƙofar ɗaki. Na biyu ta fito muka gaisa a tsaye. Na uku na durƙusa ina kuka, ta ɗaga ni ta ce ita ta yafe duniya da lahira, amma ba ita na yi wa laifi ba, waɗanda na yi wa kuma ba ta da fuskar da za ta je ta nema mini yafiyarsu, don ita ta rantse musu babu mai ji.

Yau sati bakwai ke nan. Rabon Asabar yana tafiya, amma kason gidajen nan yana nan a jere a gareji, Maman Chidi ta ƙi yarda a taɓa shi, kullum sai ta juya waken kada ƙwari su shiga.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne abin da na gani shekaranjiya. Na shiga kasuwar Tarauni sayen kayan miya, sai na hango ta zaune a gefen rumfar wani, ta shimfiɗa buhu a ƙasa ta baje mayafai tana jiran mai saye. Matar da manyan gidaje ke yi wa shimfiɗa a falo a kawo mata ruwan sanyi. Na ƙarasa wurinta, ta ce, "Hajiya sannu da zuwa, a duba mayafi." Tunda muka san juna ba ta taɓa ce mini Hajiya ba. Na ce Yaya don girman Allah ki faɗa mini abin da zan yi. Tana ninke wani mayafi ta ce ita nata mai sauƙi ne, ko a nan za ta samu na tuwo. Ta ce amma akwai gida ɗaya da ke hana ta sukuni, mace ce mai jego ga tsohuwa a kwance, ƙullin nan shi ne abincinsu, ba ƙari ba ne a kan wani abu. Na ce to faɗa mini gidan, na rantse ni kaɗai zan sani. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wancan karon ma kin rantse."

Na juyo na bar kasuwar ban sayi abin da ya kai ni ba.

To 'yan uwa ga inda nake. Wasu sun ce in fito a guruf in ba da haƙuri, ni kuma ina tsoron in sake tayar da maganar da ta fara kwantawa, a koma lissafin gidaje. Wata ta ce in yi ƙarya in ce gidajen a wata unguwa suke can nesa, ko hakan zai sa a sake buɗe mata ƙofa, ban san ko ya halatta ba, ban kuma san ko za a yarda ba. Ko in ci gaba da matsa mata har ta faɗi gidan, in sa ta karya alkawarin da ya rage mata bayan ni na karya nawa? In akwai wanda ya san hanyar da abinci zai isa gidan da ban san ƙofarsa ba, ba tare da an sake tona kowa ba, don Allah ya faɗa mini. Ku zage ni in kun ga dama, zan karanta duka, amma ku haɗa da shawara, don mai jegon nan sati bakwai ke nan babu abin da ya shiga gidanta daga wurinmu, kuma ni na jawo.